Amsa ga mai son kai mahaifiyarsa Umara a cikin kwana biyar

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce hutun kwana biyar kacal ka samu a wurin aiki, kana son kai mahaifiyarka Umara daga Kano, kuma kana neman shawara a kan jirgi, mota da masauki, da ko zai yiwu ku haɗa Makka da Madina. Zai yiwu ƙwarai, amma da sharaɗin ka yarda tun daga gida cewa ranar tafiya da ranar dawowa na hanya ne, kwana uku ne kawai a hannunku. Saboda haka duk wani tsari da zai sa ku bi hanya ɗaya sau biyu, ko ku yi dogon zaman jira a wata tasha, ka yi watsi da shi ko da ya fi sauƙin kuɗi.

Tikitin jirgi shi ne ke yanke hukuncin sauran tafiyar. Daga Kano zuwa Jidda kai tsaye tafiyar awa huɗu da rabi ce zuwa biyar, kuma agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa biyu, wato idan kun tashi da hantsi to da yamma za ku sauka. Sai dai jiragen kai tsaye ba kullum suke tashi ba, don haka ka fara duba ranakunsu, sannan ka ɗora hutunka a kai idan wurin aikinka zai lamunta. Masu yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha sukan fi araha a wasu lokuta, amma ka karanta tsawon jiran da kyau. Jiran awa biyu ko uku ba laifi, amma na awa goma ga dattijuwa a kan kujerar filin jirgi zai cinye ranar farko, gajiyarsa kuma ta shiga ta biyu. Araha ba ta ado, musamman a tafiya irin wannan. Idan kuma tsakanin Disamba da Fabrairu za ku tafi, ka tuna da hazon Kano wanda yakan jinkirta tashin jirage, kada ka sayi tikitin jirgin ƙasa na can da tazarar awa ɗaya ko biyu daga lokacin saukarku.

Shawarar da na fi nauyaya maka ita ce ka nemi tikitin da zai sauke ku a Madina, ku kuma taso daga Jidda. Kamfanonin jirgin yawo sun san irin wannan tikiti, amma da yawansu ba sa kawo maganarsa sai an tambaya. Amfaninsa a fili yake: filin jirgin Madina bai fi kilomita 20 daga Masallacin Annabi (SAW) ba, ba ku da ɗawainiyar ɗaura harami a cikin jirgi, Hajiya za ta samu ta kwanta ta huta kafin a zo aikin da ke buƙatar ƙarfi, kuma tafiyarku za ta miƙe ta fuska ɗaya, daga Madina zuwa Makka zuwa Jidda. Na sha ganin waɗanda suka sauka Jidda cikin dare suka zarce Makka da harami a jiki, suka shiga ɗawafi da gajiyar hanya, washegari tsohuwar da suka kawo ta kasa fita ko sallar jam'i. Idan tikitin Jidda kaɗai ka samu, har yanzu akwai mafita, domin jirgin ƙasa yana tashi daga cikin babban zauren filin jirgin Sarki Abdul'aziz, wanda ake kira na ɗaya, zuwa Madina cikin kimanin awa biyu. Abin da za ka tabbatar shi ne zauren da jirginku zai sauka, domin zauren arewa da zauren alhazai suna nesa da tashar, sai an hau mota.

Jirgin ƙasan nan na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, shi ne ya mayar da gajeriyar Umara abin da mai rauni zai iya. Layin dogon ya kai kilomita 450, gudun jirgin yakan kai kilomita 300 a awa, kuma tsakanin Madina da Makka bai cika wuce awa biyu da rabi ba, alhali a bas mutum zai iya shafe awa biyar zuwa shida. Ka sayi tikitinsa ta intanet tun kana Kano, da zarar biza ta fito, domin kujerun lokutan da aka fi so suna ƙarewa, musamman daren Alhamis da Juma'a da kwanakin azumi. Suna da ƙa'ida a kan kaya, babban akwati ɗaya da bai wuce kilo 25 ba da ƙaramar jakar hannu ga kowane fasinja, kuma suna duba girman akwatin. Wannan ma dalili ne na ku tafi da kaya kaɗan, a bar sayen tsaraba sai an isa Makka.

Akwai batun mikati da ya kamata a warware kafin a hau. Jirgin ba ya tsayawa a Zul Hulaifa, wurin da aka fi sani da Abyar Ali, kuma ba a daɗe da barin tashar Madina ake wuce daidai da shi. Don haka ku yi wanka, kai ka ɗaura haraminka tun a masauki, ku hau jirgi a shirye domin yin niyya da talbiyya idan an zo daidai wurin. Idan Hajiya ta fi samun natsuwa da ta sauka ta yi nafila a masallacin mikatin, kuma dattawanmu da yawa haka suke so, to ku ɗauki motar haya ta kanku da za ta tsaya a can ta wuce da ku Makka. Za ku ƙara awa biyu ko fiye a hanya, amma motar za ta kai ku har ƙofar otal, abin da jirgin ƙasa ba zai yi ba, tunda tasharsa ta Makka tana unguwar Rusaifa kuma sai an sake neman tasi. Ka tambaye ta tun a gida, kada ka yanke mata hukunci.

Game da masauki, a nan ne nake ganin ya kamata kuɗinka ya fi tafiya. A Makka, otal-otal na unguwannin Aziziyya da Kudai suna da sauƙin kuɗi, suna kuma alkawarin bas kyauta zuwa Harami, amma ana rufe titunan da ke kewaye da masallacin a lokutan salla, kuma jiran bas sau da yawa a yini ba aikin mai kwana biyu ba ne. Ka nemi ɗaki a Ajyad ko bakin titin Ibrahim Khalil, ka buɗe taswira ka auna tafiyar ƙafa zuwa ƙofar masallaci, ka kuma tambayi ko akwai hawa, domin Makka gari ne na duwatsu, wani otal ɗin kusa yake amma a kan tudu. A Madina abin ya fi sauƙi, yankin Markaziyya da ke kewaye da Masallacin Annabi (SAW) shimfiɗaɗɗe ne. Galibin otal-otal ba sa ba da ɗaki sai da la'asar, kuma da azahar ake fita, saboda haka idan da asuba za ku sauka, ka biya daren da ya gabata domin ku tarar da ɗaki a buɗe.

A ganina kwana biyu a Madina da biyu a Makka shi ne rabon da ya dace. Cikakken yininku na Madina ya ishe ku ziyarar Rauda, da zuwa Ƙuba da Uhudu a tasi ɗaya da safe. Shiga Rauda sai da izinin manhajar Nusuk, kuma lokutan maza daban na mata daban, don haka ka nema wa kowannenku da wuri, sauran zirga-zirgar yinin ka tsara ta bisa lokacin da aka ba ku. Rana ta uku ku kama hanyar Makka da safe, ku huta, ku yi Umara bayan Isha lokacin da zafi ya sauka. Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi, don haka kada ka ji nauyin nema wa Hajiya keken turawa ko na lantarki a benen masallacin. Haka nan ka sanar da kamfanin jirgin sama tun lokacin yankar tikiti cewa tana buƙatar keke, domin zai rage mata doguwar tafiya da tsayuwar layi a filayen jirgi.

Takardu kuwa sanannu ne. Fasfo ya kasance da saura aƙalla wata shida, a riƙe katin rigakafin shawara da shaidar allurar sanƙarau, kuma a bi ta kamfanin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ba lasisi. Kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ka ga biza. Magungunan Hajiya su zauna a jakar hannu cikin kwalayensu tare da takardar likita, kuma ka duba kayanta da kanka kada goro ya shiga, domin an hana shiga da shi. Ka canji riyal ɗin da zai ishe ku tasi da abinci tun a Wapa, ka sayi layin waya a filin jirgi domin kiran mota ta Uber ko Careem, ka kuma sa mata katin otal da lambarka a cikin jakar wuyanta.

Ranar dawowa ka yi lissafi daga lokacin tashin jirgi zuwa baya. Daga Makka zuwa filin jirgin Jidda kusan kilomita 100 ne, awa ɗaya da rabi a mota idan hanya ta yi kyau, kuma ana so ku isa awa huɗu kafin tashi saboda layin masu Umara yana da tsawo. Ku yi ɗawafin ban-kwana da sauran lokaci, ka shirya da direba tun ana gobe za ku tafi ya ɗauke ku a tsakanin salloli biyu, kafin a rufe titi. Ruwan Zamzam na lita biyar da aka yarda a hau jirgi da shi a filin jirgin ake sayar da shi a naɗe, kada ka wahalar da kanka da ɗauko jarka daga Makka, amma ka tambayi kamfanin jirginku tun da wuri ko yana karɓarsa ban da nauyin kayanku. Allah ya kai ku lafiya, ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa karɓaɓɓiya ce.