Oda na ɓacewa a WhatsApp, saro kaya kuma da ka nake yi

Tambaya: Salam Malam, ina da shago a Kantin Kwari, atamfa da shadda nake saidawa, yara biyu ke tsaya min. Kwastomomi na turo oda ta WhatsApp ɗina sai ta cakuɗe da hirar 'yan uwa da ta gurup-gurup, wani sa'in sai mutum ya kira yana faɗa wai mun manta da shi. In zan saro kaya kuma kintace kawai nake yi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Da farko ka raba layin kasuwa da na gida, ka sai sabon sim ka ɗora masa WhatsApp Business, kyauta ne, tun 2018 aka fito da shi amma har yau da yawan 'yan kasuwarmu na amfani da na gama-gari. A ciki akwai Labels, a wasu wayoyin Lists zaka gani, nan zaka liƙa wa kowace hira alama: sabuwar oda, an biya, an kai tasha. Da safe yaro ya buɗe "an biya" ya san wa za'a ɗaure wa kaya, ba sai an yi ta laluben saƙo ba. Kuma lamba ɗaya tana hawa wasu na'urori har 4 bayan wayarka, kenan yaran na amsa kwastoma kai kana gani ko kana gida. In sabon kaya ya sauka ka yi amfani da Broadcast, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa lokaci guda, yana ɗaukar mutum 256, sai dai wanda bai ajiye lambarka ba saƙon ba zai je masa ba, nan ne mutane ke cewa wai abin baya aiki.

Maganar saro kaya kuwa, ka yi haƙuri Alhaji, ƙwaƙwalwa na yaudara, zanen da aka yi ta tayawa shi kake tunawa ba wanda aka biya kuɗinsa ba. Ka buɗe Google Sheets a waya, manhajar rubuta lissafi ce mai gida-gida, gida biyar sun isa: rana, sunan kaya, turmi nawa, kuɗi, bashi. Kullum kafin a rufe shago yaro ɗaya ya cike, minti goma ne. Bayan wata biyu ka jera su, zaka ga wanda ke tafiya da wanda ya kwantar maka da jari, da wannan zaka shiga sarin kayan Sallah. Littafin bashi kar ka yar da shi tukuna, su tafi tare har hannun yaran ya faɗa.

Tambaya: Yarona ya ba da kaya saboda an nuna masa hoton alat, kuɗi basu shigo ba.

Amsa: Hoton alat ko saƙon tes ba shaida bane, ana haɗa na bogi. Ka sa doka, kaya basa fita sai an buɗe manhajar bankin shagon an ga kuɗin a ciki da ido, ko da kwastoman na sauri.