Tambaya da Amsa: Ayyuka Uku, Allo Guda

TAMBAYA: Malam, ina haɗa wata ƙaramar na'urar auna zafi wadda take gudana a kan FreeRTOS, wato tsarin sarrafa ƙananan na'urori, kuma ayyuka uku ne suke buƙatar allonta: mai nuna agogo, mai nuna awon zafi, da mai fito da gargaɗi. Da zarar sun tashi tare sai rubutu ya hau kan rubutu. Yaya zan raba musu allon, kuma shin nauyin kanel ne, wato zuciyar tsarin, ko nawa?

AMSA: Nauyinka ne, ɗan'uwa, domin kanel irin na FreeRTOS lokacin aiki kawai yake rabawa, bai san da zaman allo ba. Yana iya katse aikin agogo a tsakiyar zane ya miƙa dama ga aikin gargaɗi, kuma tun da ma'adanar hoto guda suke rubutawa a ciki, inda kowane fiksel, wato ɗigon hoto, yake da gurbinsa, dole ne zanen ya cakuɗe.

Maganin da ya fi saurin zuwa rai shi ne makulli, wato duk aikin da zai yi zane ya kulle allon har ya kammala. Wannan yana hana cakuɗewa, amma yana da tarko: ƙaramin aiki yana iya riƙe makullin, wani matsakaici ya hana shi gudana, muhimmin aiki kuma ya tsaya jira. Abin da ya sami kumbon Mars Pathfinder ke nan a 1997, inda kwamfutarsa mai gudana a kan tsarin sarrafawa na VxWorks ta riƙa sake kunna kanta, har sai da aka kunna tsarin gadon fifiko, wanda yake ɗaga matsayin mai riƙe da makulli na ɗan lokaci. Makullin FreeRTOS yana da wannan tsari, sai dai ko da shi, makulli ba ya yanke hukuncin wanda zai fito a sama.

Shawarata ita ce ka damƙa allon ga aiki guda, sauran kuma su riƙa aika masa saƙo ta layin jira, shi kaɗai ya yi zane. Manyan tsare-tsare ma haka suke yi. A Linux, manhaja ɗaya ce take riƙe da ragamar allo ta hanyar DRM, wato sashen kanel mai kula da allo, a kowane lokaci, kuma a ƙarƙashin tsare-tsaren nuna hoto irin su Wayland, ko SurfaceFlinger na Android, kowace manhaja tana zana hotonta a ma'adanarta, sannan mai haɗawa ya jera su ya nuna.

Kada dai ka kwaikwaye su baki ɗaya, saboda lissafin ba zai yi maka daɗi ba. Allo mai fiksel 320 sau 240, a kan bayit 2 ga kowane fiksel, yana cin bayit 153,600 na wurin ajiyar bayanai, ma'adana uku kuwa 460,800 ke nan, adadin da ƙananan na'urori da yawa ba su da shi. Saboda haka bayani za ka aika, ba hoto ba: agogo ya turo lokaci, mai awo ya turo lamba, kowanne da yankinsa a allon, kuma yankin da ya canja kaɗai za a sake zanawa. Saƙon gargaɗi kuwa ka sa shi a gaban layi, wanda FreeRTOS ya tanadi umarnin yin haka, domin kada ya tsaya a bayan saƙon agogo alhali zafi ya wuce iyaka.