Koyar da Adon Maganar Turanci ta Hanyar Waƙa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a aji biyu na babbar sakandare, kuma ɗalibaina suna shan wahala a tambayoyin adon magana na jarrabawar WAEC, domin kowace kalma suke fassarawa ita kaɗai. An ba ni shawarar in riƙa amfani da waƙoƙin Turanci. Shin hanyar tana da amfani, ko ɓata lokacin darasi ne kawai?
Wata malama daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Hanyar tana da amfani, kuma ba yau aka fara ta ba, domin tun 1978 wata malamar Turanci mai suna Carolyn Graham ta wallafa littafinta Jazz Chants, inda ta ɗora jimlolin Turancin yau da kullum a kan kari irin na kiɗa. Adon magana a dunƙule ake haddace shi, amshin waƙa kuwa yana ta maimaita shi a dunƙulen har ya zauna a ka.

Ki ɗauki waƙar Marvin Gaye ta 1968, wadda sunanta ke ɗauke da "heard it through the grapevine". Ki rubuta baitocin a allo, ki bar gurbin wannan magana, ki kunna waƙar sau biyu su cike shi. Kada ki yi saurin ba su ma'ana. Ki tambaye su halin da mawaƙin yake ciki da yadda labarin masoyiyarsa ya iso gare shi, za ki ga da kansu sun gano cewa ba kurangar inabi ake nufi ba, a bakin mutane ya tsinci zancen.

Sai dai waƙa tana koyar da maganar ne, ba ta koyar da muhallinta, kuma a ganina nan ne aikinki yake. Ɗalibin da ya haddace "bite the dust" daga waƙar ƙungiyar mawaƙan Queen ta 1980 zai san cewa mutuwa ko faɗuwa ake nufi, amma idan ya saka ta a wasiƙar ta'aziyya ya yi ɓaranɓarama, saboda magana ce ta gatse, alhali "pass away" ce ta ladabi. Ɗalibanki ba baƙin sakaya zance ba ne, tunda sun san bambancin "ya riga mu gidan gaskiya" da "ya sheƙa barzahu", sun kuma san wadda ake faɗa a gaban iyalan mamaci. Daga nan za ki fara, sannan duk maganar da aka ciro daga waƙa ki sa su faɗi wanda za a iya gaya wa ita: aboki, shugaban makaranta, ko mai duba takardar jarrabawa. Haka kuma ki ja kunnensu game da nahawun mawaƙa, domin "ain't" da ire-irenta ba sa samun maki a rubutun insha'i.

Ki karanta baitocin waƙa tun daga farko har ƙarshe kafin ki kai ta aji, saboda wani zancen da mawaƙan zamani ke sakayawa yakan shafi jima'i ko kayan maye. Idan makarantarku ba ta yarda da kiɗa ba, ɗalibai su rera baitocin da tafi, kamar yadda ake yi a tsarin Graham.