Ku Tambaya Mu Amsa: Wace takardar fotokwafi ce ke jure alƙalami mai shan tawada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni magatakarda ne a wata kotu a Daura. An ba ni kyautar alƙalami irin wanda ake ɗura wa tawada daga kwalba. In na yi rubutu da shi a takardar A4 ta ofis, sai haruffan su baje su yi gashi-gashi, wani wurin har su ɓullo ta baya. Na bar mai giram 70 na sayi mai 80, amma ba ta canza zani ba. Laifin alƙalamin ne ko na takarda?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam magatakarda. Alƙalaminka lafiyarsa lau. Tawadar biro mai kauri ce, mai maiƙo, inda aka ajiye ta nan take zama. Ta alƙalaminka kuwa ruwa ce da rini, kuma ruwa ba ya rasa hanya. Ita takardar fotokwafi an yi ta ne domin injin da ke narka garin tawada da zafi ya manna shi a kanta, don haka ba kowane kamfani ne ya damu da yadda za ta yi da ruwa ba.

Ka dubi shadda. Wadda ta sha sitaci ta je wurin masu bugu, in ruwa ya ɗiga a kanta sai ya tsaya ya dunƙule kafin ya shiga. Wadda aka wanke sau goma kuwa nan take za ta shanye shi ya yi naso. Takarda ma haka take: zaruruwan itace ne aka daddale, aka sa musu maganin hana shan ruwa tun a kwaɓi, aka shafe fuskar da sitaci, sannan aka bi da ita tsakanin manyan ƙarafa masu juyawa suka murje ta ta yi sumul. In an yi ƙwauron maganin da sitacin, tawada za ta bi zare ɗaya-ɗaya ta gefe, shi ne gashi-gashin da kake gani, ta kuma nutse ƙasa, shi ne ɓullowa ta baya.

Lambar 70 ko 80 da ke jikin rim nauyi kawai take faɗa, wato giram nawa murabba'in mita ɗaya na takardar ya auna. Ba ta ce komai game da sitaci ba. Akwai wata takardar Japan, Tomoe River, giram 52 kacal, ga ta shara-shara amma tawada ba ta ratsa ta, alhali wata mai 100 sai ta sha kamar soso. Amfanin kauri shi ne rage inuwar rubutu a bayan falle. Inuwa daban, ɓullowa daban: in ka juya ka ga alamar rubutu amma babu ɗigon tawada, wannan inuwa ce, kana iya rubutu a bayan.

Lambar tana da wani amfani a wurin ciniki. Fallen A4 guda 16 ne ke cika murabba'in mita, ke nan falle ɗaya na mai 80 giram 5 ne, rim mai falle 500 kuwa kilo 2.5. Mai 70 ba ya wuce kilo 2.2. In ka ɗora rim a sikelin mai shago ka ga ya gaza da yawa, to ko dai fallayen ba su cika ba, ko abin da ke ciki ba shi ne aka rubuta a bango ba.

Cikin waɗanda ake samu a kasuwanninmu, Double A ta ƙasar Tailan mai giram 80 ta yi suna wurin masu irin wannan alƙalami saboda santsinta. Ka gwada ta tare da PaperOne da Chamex da duk wadda ka tarar. In kana da mai zuwa waje, HP Premium mai giram 120 da Clairefontaine ta Faransa sun fi, sai dai ba na rubutun yau da kullum ba ne ga mai jiran albashi. Ka fifita wadda aka ce ta firintar leza ce a kan ta firinta mai fesa tawada, don ita ta biyun da gangan ake yin ta mai saurin tsotsa. Wadda aka sake sarrafawa daga tsofaffin takardu galibi ta fi kowace naso. Fari fat kuma ba shaida ba ne, ado ne kawai.

Kada ka sayi rim, balle katan, sai ka gwada. Shiga shagunan fotokwafi biyu ko uku, ka sayi falle bibbiyu, ka tambayi daga wane rim aka zaro, ka rubuta sunan da fensir a kusurwa. A kowane falle ka rubuta layi ɗaya yadda ka saba, ka ja layuka biyar a tsaye biyar a kwance su ratsa juna, sannan ka dasa bakin alƙalamin wuri guda ka ƙirga uku. Ka ɗauki hoton rubutun da waya ka buɗa shi sosai: gefen harafi ya kamata ya fito kamar an yanka da reza. Sai ka juya ka duba bayan ɗigon da mahaɗar layukan, nan ne takarda ke fara tona asirinta. Ka gwada fuska biyun, don sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya santsi. Ka maimaita gwajin duk sanda ka sayi sabon katan, suna ɗaya ba ya hana kaya bambanta.

In kuma takardar ofis ce dole, ba ka da zaɓi, to ka rage mata ruwa. Bakin alƙalami mai alamar F (siriri) ko EF (siriri sosai) ya fi mai alamar M (matsakaici) tsimin tawada, kuma na Japan ya fi na Turai siriri ko da alamarsu ɗaya. Tawadar Pelikan 4001 ba ta da yawan kwarara, tana zama lafiya a takardar da wata za ta baje. Kada kuma ka danna kamar biro, nauyin alƙalamin ya isa.

TAMBAYA: Ina koyarwa a wata Islamiyya a Ƙofar Marusa, Katsina. Na samu takarda mai kyau, ba ta naso, amma in ina rubuta Larabci sai gefen hannuna ya shafe abin da na rubuta. Da boko ba na samun haka.

AMSA: Malama, kyan takardar ne ya jawo. Tunda ba ta tsotsa, tawada na zaune a sama har iska ta busar da ita, wani lokaci daƙiƙa 15 zuwa 30. Mai rubutu da dama in ya taso daga dama zuwa hagu, hannunsa na bin sawun abin da ya rubuta yanzu, irin wahalar da bahago ke sha da boko. Ki karkata takardar kaɗan yadda hannunki zai zauna ƙarƙashin layin da kike kai. Ki auna takardunki da yatsa: ki ja gajeren layi, ki shafa bayan daƙiƙa 5, wani bayan 10, wani bayan 20. Wadda ta bushe wajen 10 ba tare da gashi-gashi ba ita ce taki, ko da ba ita ce mafi santsi ba. Wasulla da ɗigo ki bar su sai kin kai ƙarshen layi.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua. Da hunturu alƙalamina na rubutu lafiya a saman shafi, amma in na gangaro ƙasa sai ya riƙa tsallake. Na wanke shi, bai daina ba.

AMSA: Ɗan'uwa, ka duba hannunka. Da sanyi kowa na shafa basilin ko man kaɗanya. Kana rubutu a sama, gefen tafinka na kwance a ƙasan shafin yana shafa masa mai, kuma ruwa ba ya kama wurin da mai ya taɓa. Ka ninka wani falle ka sa ƙarƙashin hannunka, yana gangarowa tare da kai. Busasshiyar iskar hunturu kuma na busar da bakin alƙalami cikin ɗan lokaci, don haka in malami ya tsaya bayani ka mayar da murfi. Da damina matsalar juyewa take yi: takarda ta sha danshi ta ƙara naso. Ka bar rim a cikin naɗinsa, wanda ke da rufi na hana laima, ka zari na mako ɗaya kawai, sauran ka ɗaga shi daga siminti.

TAMBAYA: Tawadar kwalba ta yi wuyar samu a Daura. Zan iya ɗura tawadar allo?

AMSA: Kul, Malam! Tawadar allo baƙin tukunya ko gawayi ne da ƙaro. Cikin alƙalaminka akwai wata siririyar hanya kamar tsagar gashi wadda tawada ke bi zuwa baki. Ƙaro zai daskare a ciki, gawayi ya toshe ta. Haka tawadar hatimi da ta firinta da ta masu zane. Tawadar allo da alƙalamin kara aka san ta, kuma shi ana feƙe shi in ya lalace. Da su malaman ƙasar nan suka rubuta littattafai a kan takarda mai tambarin wata uku, wadda a zamanin da fatake ke kawowa daga Italiya ta Tarabulus, mai kauri, wadda ta sha maganin hana naso sosai.

Ka sa a nemo maka Parker Quink ko Pelikan a shagunan littattafai na Katsina ko Kano. Kwalba ɗaya na kai mai rubutu kullum watanni. In ka riga ka ɗura ta allon, ka kwance alƙalamin yau, ka jiƙa ɓangaren bakin a ruwa mai tsabta wanda ba zafi ya kwana, da safe ka yi ta zuƙa kana fesarwa har ruwan ya fito garau, sannan ka kafa bakin a kan tsumma ya tsane kafin ka ɗura sabuwa.