Amsa: Yaushe aka fara gasar Kofin WAFU ta ƙasashe?

Ɗan'uwa daga Ƙofar Ƙaura, ka ce gardama ta kaure a majalisarku kan yaushe aka fara Kofin WAFU (gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Afirka ta Yamma), kuma ko Najeriya ta taɓa cinsa. Ta ci, a 2010, nan gida a jihar Ogun, inda ta doke Senegal 2-0 a wasan ƙarshe.

Amma a rarrabe tukuna. Akwai tsohon kofin WAFU na kulob-kulob, wanda Ranchers Bees ta Kaduna ta ɗauka a 1989. Wannan daban ne, kuma nan ne galibi ake samun ruɗani.

Na ƙasashe an so farawa a 2002 a Kwaddebuwa, yaƙin basasa ya ɓarke ana cikin gasar, aka watse. Sai 2010 ya dawo. A 2011 Togo ta zo Abekuta ta doke mu 3-2 a wasan ƙarshe. Gana ta ɗauka a 2013, ta kuma a 2017, kuma wannan ne ya fi ciwo: 'yan wasan kocin Najeriya Salisu Yusuf sun ci Gana 2-0 a rukuni, suka haɗu a ƙarshe a Cape Coast aka zura musu 4-1. Senegal ta ɗauki na 2019 a Thiès da bugun fenariti.

'Yan wasan lig na gida ake kira, ba na Turai ba. Matsalar gasar kuwa kuɗi: in babu mai ɗaukar nauyi da ƙasar da za ta karɓi baƙunci, shekara sai ta wuce ba a buga ba.