Me ya sa binciken kisa yake daɗewa?

Ɗan'uwa, ka tambayi me ya sa a shirye-shiryen talabijin na binciken laifuka ake kama wanda ya fasa gida ya yi kisa cikin awa guda, alhali a zahiri sai a daɗe. Aikin shekaru ne suke taƙaita maka. Dubi Joseph DeAngelo a Kalifoniya ta Amurka, tsohon ɗan sanda ne ma: yana fasa gidaje yana kisa daga shekarun 1970 har 1986, amma sai 2018 aka kama shi. Ƙwayoyin halittarsa (DNA) da aka adana daga wuraren da ya aikata laifukan ne suka tona asirinsa, bayan an kwatanta su da na danginsa.

Abin da ke damuna a wajenmu, kafin 'yan sanda su iso, maƙwabta sun cika ɗakin, sun tattake shaidar.