Zaɓen Mai Ɗaukar Hoton Biki

Tambaya: Bikina ya matso. Ta yaya zan zaɓi mai ɗaukar hoton da ba zan yi da-na-sani ba?

Amsa: Kada ki gamsu da zaɓaɓɓun hotunan da yake sakawa a Instagram. Ki nemi ganin hotunan biki guda tun daga farko har ƙarshe, musamman waɗanda ya ɗauka da dare, domin a ƙarancin haske ake gane gwani. Ki tabbatar yana zuwa da kyamara biyu da ƙarin batir, sannan ku rubuta yarjejeniya kan adadin hotuna da ranar karɓarsu.

Abin da na fi jaddadawa shi ne lokaci. Ki keɓe awa guda kafin faɗuwar rana domin hotonki da ango, saboda a lokacin haske yana da laushi, ba ya sa mutum ƙanƙance ido.